Shekara Ɗaya a Rajistar Aji Shida: Nazarin Wata Sakandaren Jeka-ka-dawo a Ƙasar Daura

Ni na riƙe rajistar aji shida a shekarar karatu ta 2022/2023, a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke wani ƙaramin gari arewa da Daura, kusa da iyakar Nijar. Lissafi nake koyarwa. Ba zan ambaci sunan garin ko na makarantar ba, haka ma yaran, domin suna nan da ransu kuma asirinsu amana ne a wuyana.

Abin da ya zaunar da ni na rubuta wannan magana ce guda da na yi ta ji bayan fitowar sakamako, a ɗakin malamai da kuma majalisarmu ta bayan isha'i: wai yaran yanzu ba sa son karatu. Maganar ta tsaya mini a rai. Sai na ɗauko rajistar na bi ta shafi bayan shafi, ina duba ranakun da kowane yaro ya zo da waɗanda bai zo ba, ina tuna dalilin kowane gibi. Da na kai ƙarshe, abin da na gani shi ne yaran nan kwanaki suka rasa. A takarda zango uku ne, kowanne mako goma sha biyu ko sha uku. A ƙasa kuwa, lokacin da aji ya cika da yara kuma hankalinsu yake wurin malam bai wuce wata uku ba, daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu. Da wannan wata ukun aka tura su zauren jarrabawar da ɗan Legas da ɗan Abuja ke zama, tambaya ɗaya, lokaci ɗaya.

Makarantar da yaranta

Gine-gine huɗu ne a fili ɗaya a bayan gari, da bishiyoyin dalbejiya a gaba inda ake asambuli. Akwai rijiyar burtsatse ta tuƙa-tuƙa, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya wanda kayansa ba su cika ba, babu wutar lantarki. 'Yan aji shida sun haura sittin a ɗaki guda, maza a gefen taga, mata a gefen ƙofa, mutum huɗu ko biyar a bencin da aka ƙera don uku. Ajin ya ƙara cika ne tun bayan abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashi ɗalibai sama da ɗari uku daga makarantar kwana. Ɓangarenmu na Daura ya fi su Batsari da Jibiya da Faskari kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, amma duk da haka iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu daga makarantun kwana suka kawo mana, suna cewa gara yaro ya kwana inda ido ke ganinsa.

Yara uku zan fi bi a wannan bayani. Na farko monitan ajin, ɗan wani ma'auni a kasuwar hatsi. Ta biyu yarinya ce mai zama a bencin gaba, wadda mahaifiyarta ke suyar awara. Na uku yaro ne daga wani ƙauye da ke bakin iyaka, yana zuwa da keke, tafiyar da ba ta gaza awa guda ba in rairayi ya yi yawa.

Zangon farko: gona ta riga makaranta

An koma makaranta a Satumba, daidai lokacin da gero ya nuna. A makonnin farko ɓangaren maza bai taɓa kaiwa rabi ba. Wanda bai taso a karkara ba zai ce sakaci ne, amma gero ba ya jira. In aka bar shi tsuntsu ya sauka, ko ruwan ƙarshen damina ya jiƙa shi a ƙasa, abincin shekara ne ya tafi. Bayan yankan gero akwai ɗaurin dami da jido a amalanke zuwa rumbu. Kafin a huta gyaɗa ta isa cira, sannan roron wake, wanda shi ne ke kwashe 'yan matan. Dawa kuma sai wajen Nuwamba. Yaron da ya gama gonar gidansu ba makaranta yake dawowa nan take ba, ƙwadago yake shiga a gonakin masu hali, don da wannan kuɗin zai ɗinka yunifom ya sayi littattafan rubutu da takalmi. Wato makarantar ce yake nema wa kuɗi a ranakun da muke sa masa alamar bai zo ba.

Al'adar da muka gada ita ce wanda ya yi fashi ko ya makara ya sha bulala ko ya yi shara. Wata Litinin na tsare yaron keken nan a bakin ƙofa, ya zo bayan an shiga darasi na biyu. Na ce ya miƙo hannu. Da ya buɗe tafin, duk ya yi kanta, akwai tsaga biyu da ba su warke ba a gindin yatsu. Na tambaye shi daga ina. Ya ce, "Malam, tun asuba muna gona, sai da na ɗaure dami shida Baba ya ce in tafi." Na mayar da bulalar. Tun ranar ban ƙara dukan yaro a kan makara a lokacin kaka ba, kuma na faɗa wa shugaban makaranta dalilina.

Ga kuma ranar kasuwa. Kasuwar garin Laraba take ci, kuma jadawalin da aka ba ni ya sa darasin lissafi mai tsawo, na awa ɗaya da minti ashirin, a ranar Larabar bayan an dawo daga tara. Da an buga ƙararrawar tara, kashi ɗaya cikin uku na ajin ya zame: masu dako, masu tura kura, masu taya iyaye awo, masu tallar fura da awara. Wasu mazan kuma ran Lahadi suna kora dabbobi zuwa kasuwar Mai'aduwa, su dawo cikin dare, Litinin su zo suna gyangyaɗi. Shekara da shekaru ana tsara jadawali haka, ba wanda ya taɓa zama ya haɗa shi da ranar kasuwa, har da ni.

Sai tsakiyar Nuwamba ajin ya cika. Daga nan zuwa jarrabawar ƙarshen zango mako huɗu ne kacal.

Abin da monita ya nuna mini

A cikin waɗannan makonni huɗu wani abu ya faru da ya canza yadda nake kallon aikina. Muna kan babin riba da faɗuwa. Na rubuta tambaya a allo da Turanci, kamar yadda za ta zo a jarrabawa: ɗan kasuwa ya sayi kaya a kan kaza, ya sayar a kan kaza, a nemo ribarsa cikin ɗari. Ajin ya yi tsit. Na kira monita, ya tashi ya ƙura wa allo ido, bai ce komai ba.

Sai na ajiye alli na ce masa da Hausa, "Ka sayi buhun gero dubu ashirin da huɗu, tiya arba'in. Ka sayar da kowace tiya ɗari bakwai da hamsin. Nawa ka samu?"

Ban rufe baki ba ya ce, "Dubu talatin, Malam. Riba dubu shida." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa, "Amma ba za ta kai ba. Ba ka cire kuɗin dako da na buhu da la'adar dillali ba. Kuma in da tozo kake awo, buhun ba zai ba ka arba'in cif ba."

Na ce to dubu shidan nan kashi nawa ne na uwar kuɗin. Ya ce ɗaya cikin huɗu. Na ce a cikin ɗari fa? Ya ce ashirin da biyar. Amsar da ke allo ke nan, da lambobin da ke allo.

Yaron nan ya fi ni saurin lissafin kai, ba na shakka. Abin da ya tsaya tsakaninsa da makin shi ne jimla uku na Turanci. Yawancin yaranmu da Hausa aka koyar da su a firamare ko da littafin na Turanci ne, a ƙaramar sakandare ma malam yana karantawa da Turanci ya fassara. Ba su taɓa zama sun karanta shafi guda su kaɗai sun gane ba. Ga shi kuma a lokacin babu jami'ar da za ta ɗauki ɗalibi sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Daga ranar na ware minti goma na farkon kowane darasi don karanta tambaya kawai: a karanta da ƙarfi, a faɗi abin da aka bayar da abin da ake nema, da Hausa, kafin a taɓa biro. Wani abokin aikina ya ce ina ɓata lokacin manhaja. Na ce masa manhajar da aka gama a littafin malam ba ta shiga kan yaro ba, ban san amfaninta ba.

Zango na biyu: sanyi, sannan kuɗi suka ɓace

Janairu ita ce watan karatu na gaske a wurinmu. Rumbu ya cika, ba aikin gona, rana ba zafi. Matsalarta sanyi da buji, ga tagogin ajin ba marufi, yara suna zuwa da bargo a kan yunifom, yatsu sun ƙage ba sa iya riƙe biro sai hantsi ya ɗaga. Duk da haka shafukan Janairu su ne mafi kyau a rajistar. Muka fara darasin yamma bayan la'asar sau uku a mako, ni da malamin Turanci da malamar bayoloji, ba tare da karɓar ko sisi ba.

A daidai nan canjin kuɗi ya same mu. Tun 26 ga Oktoban 2022 aka sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita a tsakiyar Disamba, aka sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Garinmu ba banki, sai an je Daura. Mutane sun kai tsofaffin kuɗinsu, sababbi kuma ba su zo hannu ba. Masu POS suka koma sayar da naira da naira, wasu 'yan kasuwar bakin iyaka suka koma ciniki da sefa. Kuma wannan ne lokacin rajistar JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, wadda aka buɗe a tsakiyar Janairu.

Rajistar kanta dawainiya ce ga ɗan ƙauye ko da kuɗi a hannu. Tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Ɗalibi zai tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019, a maido masa da lambar da zai sayi fom da ita, kuma layin wayar ya zama nasa shi kaɗai, ba a haɗa mutum biyu a layi guda. Yaran da yawa ba su da waya. Wasu sunan da ke NIN ɗinsu ya saɓa da na takardar makaranta, a nan an rubuta sunan uba, a can sunan kaka ko sunan gari. Bayan wannan sai a ɗauki mota zuwa cibiyar kwamfuta a Daura don ɗaukar hoto da zanen yatsu.

Yarinyar bencin gaba ita ce ta fi kowa a bayoloji da kemistiri, kuma burinta aikin jinya. Mahaifiyarta ta shiga adashi tun kaka don kuɗin fom, aka tsara kwasarta ta faɗo ƙarshen Janairu. Da lokacin ya yi, uwar adashi ta ce zubi ya tsaya, kowa na kuka. Cinikin awara ma ya mutu, don mai sayen awarar hamsin ba tiransifa zai yi ba. Yarinyar ta daina zuwa darasin yamma. Da na tambayi ƙawarta, ta ce mini yarinyar ta ce ba amfani tunda ba za ta zauna jarrabawar ba.

Na je gidan bayan magariba, muka zauna da mahaifinta a zaure kan tabarma. Dattijo ne mai sanyin magana, ba irin wanda ake zanawa a matsayin maƙiyin boko ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ban ƙi ta taka ba. Amma wanta ya gama sakandaren nan shekara uku ke nan, yana nan yana acaba. Su da suka shiga jami'ar ma bara wata takwas suka yi a gida ana yajin aiki. Ɗiyar nan an kawo kuɗin gaisuwarta, na ce bayan ƙaramar Sallah. In na ɗaga, mi zan ce ma mutane?"

Ban da amsar da za ta rushe maganarsa, don gaskiya ya faɗa: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kama daga Fabrairu har Oktoba. Abin da na ce masa shi ne, "Baba, ban zo hana aure ba. Alfarma nake nema ta wata huɗu, a bari ta rubuta jarrabawar fita. Takardar nan ba ta ruɓewa. Ko a ɗakinta take, ranar da aka buɗe fom na makarantar kiwon lafiya ko ta ungozoma, tana da abin nunawa. Kuma kai ka san yadda matanmu ke ƙin zuwa asibiti in namiji ne zai duba su." Ya yi shiru mai tsawo. Ya ce zai yi magana da dangin yaron. Bayan kwana biyar ya aiko cewa an mayar da biki bayan babbar Sallah, tarewa kuma sai ta gama jarrabawa. Kuɗin fom malamar bayoloji ce ta tura daga asusunta kai tsaye, uwar ta biya ta a hankali bayan kuɗi sun dawo hannun mutane.

Ita an dace. Amma daga ajin da ya haura sittin, waɗanda suka yi rajistar JAMB a shekarar ba su cika ashirin ba, kuma na san aƙalla biyar da kuɗin hannu ne kawai ya hana su. Monita na cikinsu. Kasuwar hatsi ta tsaya cik a makonnin nan, mahaifinsa ya ce a bari sai baɗi.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, amma a lokacin an riga an rufe rajista.

Zaɓe ma ya ci nasa rabon. Makarantarmu rumfar zaɓe ce, kuma malamai da dama sun yi aikin wucin gadi. An yi na shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu, na gwamna da aka sa 11 ga Maris aka ɗaga zuwa 18. Kowanne ya tafi da kwanaki kafinsa da bayansa, ban da yaran da ke bin motocin kamfen. Kwana biyar bayan zaɓen gwamna, ran Alhamis 23 ga Maris, aka tashi da azumi.

Azumi, bazara da kwamfuta

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. Rufin kwano ne a ajin ba silin, daga ƙarfe sha ɗaya ba mai iya fahimtar komai, malam da ɗalibi. Darasin yamma ya mutu, don 'yan mata na aikin buɗa-baki, maza na wurin tafsiri ko sayar da ƙanƙara. Yaran ne da kansu suka kawo shawarar a koma bayan sallar asuba. Muka riƙa haɗuwa ƙarfe shida a gindin dalbejiya, kafin a buga ƙararrawa mun yi awa ɗaya da rabi. Ban taɓa samun darasi mai albarka irin na waɗannan safiyoyi ba. Yaron keke a garin yake kwana wurin wani ɗan'uwan mahaifiyarsa don kada ya rasa.

Saura matsalar kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. A shekarar darussa huɗu ne, tambaya 180, awa biyu, maki 400. A cikin yaranmu da suka yi rajista, uku ne kawai suka taɓa zama gaban kwamfuta kafin ranar ɗaukar zanen yatsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na aro laftof ɗin wani ƙanena, ina cajinta a shagon mai cajin waya, yara suna layi kowa minti goma sha biyar. Sauƙin da aka samu shi ne ba sai an iya linzami ba, harufa kaɗan ne ke aiki: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙa aiki. Malamin Turanci ya zana allon harufan a kwali da girmansa na gaske, ya raba wa kowa ya je gida yana danna yatsa a kai. Wani zai ga abin kamar wasan yara. Ni na ga yarinyar bencin gaba ranar farko, hannunta na rawa a kan laftof, tana tsoron kada ta danna wani abu ya lalace a ce ta biya. Zuwa mako na uku ba ta ma kallon yatsunta.

An yi ƙaramar Sallah ran Juma'a 21 ga Afrilu, jarrabawar ta fara cikin makon da ya biyo baya. Wasu an tura su Daura, wasu Katsina. Waɗanda aka sa wa zaman sassafe a Katsina sai da muka nema musu wurin kwana a gidajen 'yan'uwa. A wata cibiya kwamfutoci suka ɗauke ana tsakiyar aiki, yara biyu daga cikin namu suka dawo suna kuka, sai daga baya aka sake sa musu rana.

Zango na uku: jarrabawa a tsakiyar damina

Jarrabawar fita sakandare iri biyu ce, WAEC da NECO. Kaɗan ne daga cikin yaranmu suka zauna WAEC a Mayu da Yuni, don kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Ajin kusan gaba ɗaya NECO ya dogara da ita, ita kuma a Yuli da Agusta aka yi ta a shekarar.

Ran 29 ga Mayu aka miƙa mulki, Buhari ya dawo gida Daura a ranar, garin ya cika maƙil. A jawabin ranar ne sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo lita ta haura naira ɗari biyar daga ƙasa da ɗari biyu. Yawancin malamanmu a Daura muke zaune, da babur muke zuwa, albashi kuma bai motsa ba. Dole na faɗi wannan don adalci: a watan Yuni ba yara kaɗai ke fashi ba. Muka koma goyon juna, mutum biyu ko uku a babur ɗaya, wasu suka koma zuwa kwana uku a mako. Watan bitar ƙarshe, wanda ya kamata ya fi kowanne zafi, ya zama mafi rauni. Wannan gibin ba ya cikin rajistar ɗalibai, amma su suka biya shi.

Ruwa kuma ya sauka. Aka yi shuka, babbar Sallah ta zo ran 28 ga Yuni, sai ga noman firi ya haɗu da farkon jarrabawa. Yaro zai yi sammako gona, ya wanke ƙafa a bakin burtsatse, ya shiga zaure da laka a gefen wando. Ranar takardar lissafi an kwana ana ruwa, rafin da ke tsakanin garin da ƙauyen yaron keke ya kawo. Ya saɓa keken a kafaɗa ya ratsa, ya iso an raba takardu da kusan minti ashirin, rigarsa sharkaf. Mai sa ido ya dube shi ya nuna masa wurin zama.

A nan ne maganar "taimako" ta taso. Wasu iyaye da wasu ɗalibai suka zo da shawarar a haɗa kuɗi a nemi a sassauta tsaro ranar Turanci da lissafi, kamar yadda suka ji ana yi a wasu wurare. Shugaban makarantarmu ya ƙi, ni ma ina bayansa, don yaron da aka rubuta wa amsa yau shi ne zai riƙe allura ko alli gobe. Amma ban iya jin haushin iyayen ba. Sun san 'ya'yansu ba su samu karatun da ya isa ba, kuma sun san ba duka laifin yaran ba ne. Satar amsa a irin makarantunmu daga ramin kwanakin nan da suka ɓace take tsirowa, kuma wa'azi a asambuli kaɗai ba zai cike ramin ba.

Ana cikin jarrabawar sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ran 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Mahaifin yaron keke, wanda abincinsa ke kan kai-da-kawowa tsakanin kasuwannin ɓangarorin biyu, ya zauna ba sana'a. Yaron ya ƙarasa takardunsa, washegarin ta ƙarshe ya bi wani ɗan garinsu Kano neman aikin gini.

Sakamako da abin da muka gyara

A Oktoba sakamakon NECO ya fito. Lissafi ya fi na shekarar da ta gabata kyau a makarantar, kuma ina danganta hakan da minti goman karanta tambaya da darasin asuba, ko da yake shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Turanci ne ya kayar da mafi yawa. Yarinyar bencin gaba ta haɗa kiredit ɗinta har da Turanci da lissafi. Ta riga ta tare, mijin ne ya kawo ta a babur ta karɓi takardar, ya kuma tambaye ni da bakinsa yaushe ake sayar da fom na makarantar kiwon lafiya. Yaron keke ya samu lissafi da darussa uku, Turanci ya samu fas, wanda ba ya shigar da mutum jami'a. Ta waya na faɗa masa. Monita ya ci lissafi da maki mafi kyau a ajin, ya faɗi Turanci.

Da aka zauna taron malamai na farkon sabuwar shekara, na zo da rajistar na buɗe ta a tebur. Abu uku muka amince a kai, duk ba mai buƙatar izini daga sama ko kuɗi. An ɗauke lissafi da Turanci daga ranar Laraba bayan tara, aka mayar da su safiyar Litinin zuwa Alhamis. Manyan babuka masu wuya an tura su tsakanin tsakiyar Nuwamba da Fabrairu, makonnin kaka kuma aka bar su ga bita da abin da yaro zai iya kamowa in ya dawo. Na uku, tun a aji biyar ake duba NIN ɗin kowa a daidaita suna, kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta buɗe asusun ajiya da ake zubawa a lokacin kaka, sa'ad da kowa ke da abin sayarwa. Wasu iyayen da tiyar wake suke biya, ma'aji ya sayar ya rubuta.

Abin da ya fi ƙarfinmu yana nan yadda yake. Kalandar da ke buɗe makaranta ranar da gero ya nuna, ta kuma sa jarrabawar fita a tsakiyar noma, ba a ɗakin malamanmu aka tsara ta ba. Na kai maganar gaban mai gari ranar da muka je gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ko da iyaye za su saki 'yan aji shida daga ƙarfe takwas zuwa sha biyu a lokacin kaka, su koma gona da yamma, da an rage asara." Ya ce zai sa limamai su faɗa a masallatai, kuma sun faɗa. Shafukan Oktoban da ya biyo baya sun ɗan fi na bara cika, ba da yawa ba.

Monita yana nan a kasuwar hatsi, yanzu shi ke riƙe da littafin bashin mahaifinsa. Yana tara kuɗin jarrabawar masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, Turanci kawai yake nema. Ran Alhamis bayan la'asar yake zuwa wurin malamin Turanci da tsofaffin takardun tambayoyi a cikin leda, su zauna a gindin dalbejiya har a kira magariba.